Ɗigon Jan Farce a Gefen Kyamara

Ana sallame sallar asuba muka bar gida, ni da taubashiyata, 'yar Goggo. Inna ta rako mu har zaure tana jaddada mini in kama kaina a birni, kada in riƙa zaƙewa a gaban manya, kamar dai ba a Gombe na yi karatuna ba. Na goya jakar kwamfuta a ƙarƙashin hijabi, na koma kamar mai ƙusumbi. Ita kuwa ta rataya tata a kafaɗa, tana tafe ƙwas-ƙwas sai ka ce ma'aikaciyar banki. Tun daga nan idona ya sauka a kanta, kuma bai ɗauke ba har muka dawo.

Ga ku da kuke ta tambayata ina na shige kwana biyu, ga abin da ya faru. Wani kamfanin manhajoji ya buɗe gurbin horo mai albashi, wanda mutum zai yi daga gida da kwamfutarsa. Ni da ita muka nema, kuma aka kira mu duka biyu intabiyu ta bidiyo, aka ce mu sake turo CV kafin ranar. Gurbin guda ɗaya ne. A Dukku kuwa sabis sai ya ga dama, wuta kuma ba a maganarta, shi ya sa muka yanke mu tafi Gombe, wurin wata mata a Bolari da ke da cibiyar kwamfuta, tana kuma shirya matasa irinmu kafin su fuskanci masu ɗaukar aiki.

Abin da muka dogara da shi ni da ita abu ɗaya ne: manhajar da muka yi wa shagon ɗinkin Goggo. Tana ajiye awon kowace mace, idan ɗinki ya kammala kuma ta tura mata saƙo a waya. Fuskar manhajar, launukanta da maɓallanta, duk aikin taubashiyata ne. Cikinta kuwa, inda ba mai gani, ni na zauna na rubuta.

A tasha muka tarar kuɗin mota ya kusa ninka wanda na sani lokacin da nake ɗaliba. Direba ya ɗora laifin a kan fetur, fasinjoji suka ɗora a kan direba, aka cusa mu a baya tare da wata dattijuwa da buhun wakenta, muka kama hanya. Kaka ce, gonaki duk sun yi ja-ja. An yanke riɗi an jingine shi dami-dami a tsaye yana shan iska, shanu sun fara shiga inda aka girbe gero, 'yan matan ƙauye sun jero da jarkoki tun rana ba ta fito ba. Ni dai na jingina kai da gilashi na tafi duniyata. Na riga na zana wanda zai yi mini intabiyu: dogo, mai siririn tabarau da saje, mai magana a hankali. Zai karanta takardata ya yi shiru, sannan ya cire tabarau ya ce ya daɗe yana neman mai irin wannan zuciyar. Har launin labulen ofishinsa na zaɓa. Ramin da muka faɗa kafin Bojuɗe ne ya dawo da ni, goshina ya gaisa da kujerar gaba.

A Bojuɗe muka tsaya direba ya ƙara ruwa a mota, muka sha fura da nono mai kauri, ga dafaffiyar gyaɗa sabuwar haƙa. Kafin in gama kofina, taubashiyata ta san sunan jikokin dattijuwar nan, ta san wanda ke ciwon kunne, ta kuma yi wa wani malamin makaranta da ke gaba bayanin manhajarmu har ya karɓi lambar shagon Goggo don matarsa. Ina jin ta tana cewa "manhajar da na yi", na ɗauka saurin baki ne. Na haɗiye da fura.

Mun sauka Gombe, a tashar motocin Dukku, rana ta fara zafi. Keke ya ratsa da mu ta Shamaki, yaran Islamiyya suna ta rera karatu ta tagogi, masu ƙira da kafintoci sun baje a bakin hanya, har muka isa unguwar Malam Inna, gidan Adda, yayata da ke aure a can. Masa ta ajiye mana da miyar taushe, irin mai laushin nan da gefenta ya soyu. Ta dube mu ta ce 'yar Goggo ta yi kyau ta murje, ni kuma ta tambaye ni ko na yi zazzaɓi ne. Adda ce fa, uwa ɗaya uba ɗaya.

Da hantsi muka nufi Bolari. Cibiyar tana saman wani bene, ƙasanta mai walda, gefenta masu gyaran babur, ƙarar janareto ta ko'ina. Amma kana shiga ka rufe ƙofa sai ka ji shiru, ga sola, ga fanka, ga sabis kamar ruwan famfo. Mai wurin kowa Madam yake ce mata. Iyayenta daga kudu maso gabas suka zo, amma a Bolarin aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gudu, tana yi tana tsarma Turanci da Fulatanci. Ta yi aikin manhaja shekaru kafin ta buɗe wurin. Tana da ɗan gicciye a wuya da farce ja jawur, kuma ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba.

Ta fara da takardunmu. Tawa shafi uku ce, kuma na yi alfahari da ita, don na zuba mata duk abin da na koya a littattafan soyayya da nake saye a kasuwa tun ina sakandare. Na buɗe da yadda nake kallon taurari a tsakar gidanmu ina yarinya, ina jin wata rana yatsuna za su taɓa duniya. Madam ta karanta layin farko da ƙarfi, ta sauke takardar ta dube ni.

"'Yar uwa, aiki kike nema ko miji?"

Taubashiyata ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai duka biyun ne, a yi mini haƙuri, wai ni baiwarta ce, ita ta saye ni da tsada. Wasan da muka saba ne tun muna yara, kowa na cewa ɗayar baiwarta ce, amma ranar bai yi mini daɗi ba. Tata takardar shafi ɗaya ce, fara tas, komai a jere. Madam ta ɗaga ta sama ta nuna wa sauran ɗaliban da ke wurin. Na ji wani kishi ya taso mini, irin wanda jarumar littafi ke ji idan ta hango wata a gaban motar masoyinta.

Gaskiya dai na ƙaru, kuma bari in faɗa muku don masu shirin nema. Madam ta ce mai ɗaukar aiki ba karanta CV yake yi ba, leƙa ta yake yi, kamar mai wucewa ta gaban shago. Don haka abin da ka gina shi ne a sama, ba makarantar firamarenka ba. Kowane layi ya fara da aiki: na gina, na gyara, na rage, na haɗa. A sa inda mutum zai latsa ya ga aikin da idonsa. A cire "mai haƙuri, mai gaskiya, mai son ci gaba", don ba wanda ya taɓa rubuta cewa shi maƙaryaci ne. Kalmomin da kamfani ya sa a tallar aikinsa, idan da gaske ka iya su, ka maimaita su yadda suke. Haka ta bi taurarina da jan biro har suka ƙare. Abin da ya rage bai cika shafi ba, amma da na karanta shi sai na ga ashe na iya abubuwa.

Bayan azahar aka shiga gwajin intabiyu. Madam ta zauna a ofishinta ta kira ni ta bidiyo, ni kuma ina wani ɗan ɗaki da aka raba da falanki. Ba a yi nisa ba ta taso ta zo ta juyo mini da nata allon. Abin da ke ciki saman hijabina ne kawai da ɗan goshi. Ni ban ma san na sunkuyar da kai ba. Haka aka rene ni, babba yana magana idonka yana ƙasa. Kuma duk tambayar da ta yi, amsata "mun yi", "mun gwada", "Allah ya taimake mu". A gidanmu wanda ya ce "ni na yi" sai an bi shi da kallo.

Sai ta ce in ba ta labarin wata matsala da na taɓa warwarewa. Nan na ɗan saki jiki, don ina da labari. Ana gab da Sallah manhajar ta riƙa tura saƙo ɗaya sau da yawa. Wata Hajiya ta samu "ɗinkinki ya kammala" har wayarta ta cika, ta zo shago a fusace tana tambaya ko kaya nawa ta kawo da ba ta sani ba. Ashe duk lokacin da sabis ya ɗauke ana tsakiyar turawa, sai manhajar ta ɗauka saƙon bai tafi ba, ta sake. Na ba kowane saƙo shaidarsa, yadda ko sabis ya tafi ya dawo ba za a tura shi sau biyu ba. Madam ta yi dariyar Hajiya sosai, ta ce wannan labarin zinari ne, da shi ake cin intabiyu. Amma ta ce na lalata shi, don daga farko har ƙarshe "mun gano, mun gyara" nake cewa, ba ta san wa ya yi me ba. Taubashiyata tana bakin ƙofa tana saurare.

Maganar ido kuwa, na gaya wa Madam gaskiya ba zan iya ƙura wa namiji baƙo ido ba, ko a allo ne. Ba ta yi mini wa'azin wayewa ba. Ta buɗe jakarta ta ciro kwalbar jan farce, ta manna ɗan farin tef a gefen kyamarar kwamfutata, ta ɗiga ja a kai.

"Wa ya ce ki kalli mutum? Idan kika kalli fuskarsa a allo, shi gani zai yi kina kallon ƙasa. Wannan ɗigon za ki kalla. Ke ba ki kalle shi ba, shi kuma ya ga kina kallon sa. Innarki ba ta yi asara ba, kamfani bai yi asara ba."

Na gwada, ya yi. Na yi magana da ɗigon ja kamar mun saba. Sai dai murnar ba ta daɗe ba, don da aka zo kan taubashiyata ba ta buƙaci ɗigo ba. Tana zama ta yi murmushi, Turancinta ya zubo, hannuwanta suna taya ta. Madam ta ce ita kam a bar ta haka, kada a taɓa. Ni an yi mini gyara kamar tsohuwar keken ɗinki, ita an ce kada a taɓa.

Da la'asar Adda ta fito mana da mayafai mu zaɓa. Na ɗauki wani ruwan toka da na daɗe ina so, na yafa, Adda ta ce ba laifi. Taubashiyata ta karɓa don ta gwada kawai, sai ga Adda tana salati tana cewa kamar don ita aka saƙa. Na ce ta riƙe, ni dama bai yi mini ba. Na zauna a tsakar gida ina cin awara da yaji, ina kallon duwatsun bayan gari suna canza launi, ina tsara yadda zan ba da labarin Hajiya gobe da "ni" a kowace gaɓa. Na maimaita shi a zuci har ya zauna.

Washegari muka koma cibiyar Madam don ainihin intabiyun, ita aka fara kira. Ina zaune a bayan falankin nan, mai walda ya tafi cin abinci, don haka komai nata a kunnena. Ta gaisa, ta gabatar da kanta, aka yi dariya. Can sai na ji an yi mata tambayar matsala, na kuma ji ta fara: ana gab da Sallah, wata Hajiya ta shigo shago a fusace. Ta kwaikwayi muryar Hajiya yadda ban taɓa iyawa ba, na ji dariyar mutanen ta cika ɗakin. Ta ce ita ta lura abin yana faruwa ne idan sabis ya ɗauke, sannan aka gyara. "Aka gyara." Watannin da na yi ina fama da rubutun cikin manhajar suka shige cikin kalma biyu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ƙarya ta yi ba. Ita ce a shago ranar, ita ta sha faɗan Hajiya, kuma ita ce ta fara cewa kamar abin yana bin sabis. Na nemi inda zan kama ta da ƙarya ban samu ba, sai kishin ya rasa mafita ya tsaya mini a ƙirji.

Ta fito tana fifita da gefen mayafin ruwan toka, ta ce mini suna da kirki, kada in ji tsoro. Na shiga na zauna. Jarumina mai tabarau bai zo ba. Wani mutum ne mai sanƙo da alamar bai yi barci ba, da wata mata da ake jin kukan jariri a bayanta. Na manne idona a ɗigon ja. Tambayoyin farko na amsa su daidai gwargwado, "mun" yana kuɓuce mini ina kamo shi. Sai matar ta ce in ba su labarin matsalar da na warware.

Tarbiyyata ta ce in yi kara, in nemo wani labarin in bar wa 'yar uwata nata. Amma ba ni da wani, kuma abin da ke ƙirjina ya riga ya hau harshe. Na ce musu, da Turancina na 'yar Dukku:

"Wadda ta gabace ni ta ba ku labarin Hajiya. Ita ta gano lokacin da matsalar ke faruwa. Ni na gyara ta. Ku tambaye ni yadda na yi."

Mai sanƙo ya gyara zama. Ya tambaya, na amsa. Ya sake tambaya, ya ce idan waya ta mutu a tsakiya fa, na gaya masa. Ya ce in buɗe aikin in nuna masa wurin, na buɗe na nuna. Ban taɓa jin muryata ta fita haka ba. Ban san ko minti nawa muka yi ba, na dai san ban sunkuya ba ko sau ɗaya. Da aka gama na tarar ɗigon ja ya rabu biyu a idona.

Falanki bai hana ta ji ba, kamar yadda bai hana ni ba. Muka yi wa Madam godiya, ta rungume mu, ta ce kada in cire tef ɗin. Muka shiga babbar kasuwa sayen zare da maɓallai da Goggo ta yi saƙo, komai ya yi tsada, mai shago yana rantsuwa shi ma haka ya saro. Duk yawon nan maganarmu ba ta wuce "wannan launin ko wancan" ba.

Da safe muka kamo hanyar gida. Mota ta cika da masu dawowa da kayan shago, kwalin taliya a kan cinyata. Muna shiga Bojuɗe sabis ya kawo, wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta yi sauri ta kife ta a cinya ta juya tana kallon gonaki. A matse muke, na riga na ga kalmar taya murna a layin farko. Tawa ta yi ƙara bayan tata. Sun gode da lokacina, suna yi mini fatan alheri.

Riɗin nan da na gani da kyau a zuwa, yanzu karmami ne kawai a idona. Na ce mata Allah ya sa alheri, ta ce amin a hankali. Sai na kasa riƙewa, na ce ta ɗauki labarina.

"Namu ne," in ji ta. "Ke kika ce 'mun' a gaban Madam. Na ɗauka kin ba ni rabi."

Na juya ina kallon gonaki har muka hango Dukku. Da za mu sauka ta riƙe mini jaka, ta ce to yanzu idan manhajar mutanen nan ta rikice mata wa za ta kira, in ba baiwarta ba. Na ce ta kira Hajiya. Ta yi dariya, ni ma bakina ya ɗan motsa ba da izinina ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na huce ba. Goggo ta raba alewa a unguwa, na ci, ta yi mini ɗaci. Ban san abin da ya sa suka zaɓe ta ba, wataƙila mai tsara fuskar manhaja suke nema ba mai rubuta cikinta ba, wataƙila kuma ta fi ni ne kawai, wannan tunanin shi ya fi hana ni sakewa. Abin da tafiyar ta koya mini dai shi ne, aikin da ba ka buɗe baki ka ce naka ne ba, wanda ke kusa da kai zai ɗauka kyauta ka ba shi, kuma ba lallai ya zama mugu ba. Na kuma gane cewa kishin da nake ta ɓoyewa tun daga zaure, shi ne ya ɗaga mini kai a ɗakin nan lokacin da tarbiyya ta ce in sunkuya.

Takardata mai shafi ɗaya ta riga ta tafi wasu wuraren. Tef ɗin yana nan a gefen kyamara. Jiya da yamma na rufe ɗaki na zauna gabansa ina gwaji, na dube shi sosai na ce da ƙarfi, "Ni na yi."

Daga madafa Inna ta ɗaga murya: "Me kika yi kuma?"

Na buɗe ƙofa na ce ta zo ta zauna in nuna mata.